Rawar Ɗarin Motar Alhaji Lado

"Lafiya lau muka kwana, sai ciwon bayan da ka jawo mini. Ina gajiya, mai kashe motar mutane?"

"Ba gajiya, tsohuwa. Wane ɗan acaɓa Allah ya jarraba da ke yau da sassafe?"

"Wanda ya fi ka iya tuƙi. Tun daga Tarai har nan ko ɗankwalina bai goce ba."

"Tsoro ya ji. Ya san in ya kayar da ke ba mai iya tattara ƙasusuwan."

"Gara ka yi mini sannu da zuwa da ladabi, yaro. Yau abincinka a bakina yake."

Mai wannan magana Hajiya Hansatu ce, mutuniyar Tarai ta ƙasar Kibiya. Wanda take yi da shi jikanta ne, Munzali, ɗan 'yarta Maijidda. Wurin kuwa garejin Ishiyaku bakanike ne, nan Rano, a bakin hanyar da ta nufi Kibiya. Gidana yana jikin garejin, kuma tun da na ajiye aiki bencin da ke ƙarƙashin darbejiyarsa ne mazaunina da hantsi. Saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Ga yadda maganar take. Motar da Munzali yake ja ta kawunsa ce, Alhaji Lado, babban ɗan Hajiya, wanda ke kasuwanci a Kano. Tsohuwar mota ce mai dogon baya, irin wadda ake loda wa buhuna a baya, mutane su zauna a kujerun gaba da na tsakiya. Da ita Munzali yake jigila tsakanin Rano da Kibiya da ƙauyukan kewaye, ba shi da wata sana'a sai ita. Duk Juma'a kuma yakan kai wa kakarsa cefanen da kawun ya aiko. Tun farkon rani motar ta soma wata irin karkarwa in an taka birki, Munzali ya yi shiru da bakinsa. Ran nan ya ɗauki Hajiya zuwa barka a Fammar, akuya ta gitta, ya taka birki, mota ta kama rawar ɗari har ƙwaryar man shanun da ke cinyar Hajiya ta kife a kan sabon zanenta. Kafin magariba labari ya isa Kano.

Alhaji Lado ya yanke hukunci ta waya. A kai motar wurin Ishiyaku, Hajiya ta je ta zauna, abin da bakanike ya faɗa ita za ta maimaita masa. In ganganci ne ko sakacin direba, a karɓi makulli a ba Uzairu, wani ɗan ƙaninsa da ya daɗe yana neman aikin. Ita kuwa ta rantse ba za ta sake shiga motar ba sai an gyara, shi ya sa ta zo a kan babur.

Ishiyaku ya kawo mata kujerar roba, ya durƙusa ya gaishe ta. Ni ma muka gaisa, na tambaye ta mutanen Tarai. Ta gyara mayafi, ta dubi jikanta sama da ƙasa.

"Malam, ka ga mijin da Allah ya haɗa ni da shi. Na farko, Allah ya jiƙansa, jakuna yake korowa daga Tarai har kasuwar Rano, ba a taɓa jin ya zubar da ƙwayar dawa ba. Wannan an ba shi ƙafa huɗu da inji, ƙwarya guda ta gagare shi."

"Malam, kada ka saurare ta. Motar nan lafiyarta ƙalau sai ranar da ta fara zama a gidan gaba. Tun daga ƙofar gida take surutu, ƙarfe ma ya gaji ya fara makyarkyata."

"Ni ta gani take rawa, don ta san darajata. Kai in ta gan ka tari take yi."

"Dole ta yi rawa. Ta ɗauko amarya ba ta san ko a hanya za a koma jana'iza ba."

"Sai na binne ka, na yi takaba, na sake aure. Manema suna nan a layi."

"Na gan su. Biyu da sanda, ɗaya sai an riƙe masa hannu."

Ishiyaku ba mai yawan magana ba ne. Ya bar su suka sarara, sannan ya goge hannunsa da tsumma.

"Munzali, yaushe take karkarwar? Kana cikin gudu, ko sai ka taka birki?"

"Sai na taka birki. In ina tafiya lafiya lau take."

"A ina kake jin ta, a hannu ko a mazauni?"

"A sitiyari. Birkin ma yana harbin tafin ƙafata, kamar ana ture ni daga ƙasa."

"Ni a ko'ina na ji ta," in ji Hajiya. "Har tuwon da na ci shekaranjiya sai da ya taso ya gaishe ni."

"To," in ji Ishiyaku, "da tana yi kana cikin gudu ba ka taɓa birki ba, sai in ce taya ce ta kumbura ko boris ɗin da taya ke juyawa a kai ya ci. Da a kujera kake jin ta, sai in fara da ƙafafun baya. Tun da sai an taka birki, kuma a hannu take fitowa, ciwon yana ƙafafun gaba."

"Ka ji mai sana'a," in ji Hajiya. "Kai da na tambaye ka cewa ka yi hanya ce ba kyau."

"Ai ba ta da kyau."

"Hanyar da kakanka ya bi ba takalmi?"

"Shi ya sa ya riga ki tafiya. Hanya da ke, ɗaya ma ta isa."

Ishiyaku ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya tokare ta da kututture. Ya fara gwada notocin taya, ya same su daidai. Ya kama kowace taya sama da ƙasa ya jijjiga, bai ji wasa ba, ya ce boris lafiya lau. Sannan ya juya tayar hagu da hannu, ta yi ta zagaye har ta gaji don kanta. Ya zagayo ya juya ta dama. Ko zagaye guda ba ta cika ba ta tsaya, tana wani ƙara kamar ana wasa wuƙa. Ya ɗauko sufana ya kwance ta.

Ni na taso lokacin da babbar mota mai bodin katako ce kaɗai ke shiga Kibiya, ita ma sai ranar kasuwa. Birkinta rabi na direba ne, rabi na karen mota, wanda ke dirowa da guntun katako ya cusa a bayan taya in an zo hawa. Ba wanda ya taɓa kai ƙarar karkarwa, domin tun daga tashi har sauka karkarwar ake yi. Na yanzu dabam suke. A bayan kowace tayar gaba akwai wani farantin ƙarfe da ke juyawa tare da ita, kanikawa suna ce masa dis. In direba ya taka birki, wasu takalma biyu ne ke matse farantin, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje, har mota ta tsaya. In farantin a miƙe yake, sumul ake tsayawa. In ya karkace ko da kaurin takarda ne, duk zagayen da ya yi sai ya ture takalman ya sake su, ya ture ya sake, wannan turin ne ke hawowa har hannun direba.

Farantin dama da ya bayyana, maimakon ya yi fari yana ƙyalli irin na hagu, ya yi shuɗi-shuɗi kamar gindin tukunya. Ishiyaku ya ɗauko guntun alli, ya kafe hannunsa a jikin ƙarfen motar yadda bakin allin zai shafi farantin da ƙyar, ya ce Munzali ya juya a hankali. Alli ya ja farin layi a gefe guda, ya ɓace, ya sake fitowa da aka zagayo.

"Ka gani? Inda ya yi fari tudu ne, inda bai taɓa ba kwari ne. Ya lanƙwashe."

"Kamar bayan maigidana," in ji Hajiya.

"Kamar ƙafafun amarya dai."

Ishiyaku ya kwance ƙarfen da ke riƙe da takalman birkin, mai kama da muƙamuƙi. A kan wasu fil guda biyu yake zamewa in an taka ko an saki. Ɗaya ya zaro da yatsa. Ɗayan sai da ya sa guduma, ya fito a bushe, ja wur da tsatsa.

"Ga mafarin abin. Fil ɗin nan ya kafe, ba maiko. Ko ka ɗaga ƙafarka daga birki, wannan tayar ba ta saki, tafe take tana gugar farantin har ya yi zafi kamar maƙera. Munzali, motar ba ta jan ka dama?"

Munzali ya sosa ƙeya. "Kaɗan."

"Ba ka jin ƙauri?"

"Ina ji. Na ɗauka shara ake ƙonawa a bakin hanya."

Hajiya ta tafa hannu a hankali. "Tun daga Rano har Tarai ana ƙona shara, kuma sharar ba ta bin kowa sai kai. Malam, ka ji da kunnenka. Ishiyaku, maimaita mini yadda zan faɗa wa mai motar. Fil ya kafe, direba ya fi fil ɗin kafewa."

Mai motar take ce wa Alhaji Lado, domin ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

Munzali ya zaro makullin daga aljihu. Na ga yana juya shi a yatsa. Hajiya kuwa ta samu fili, ta miƙe ƙafa.

"Ni ai na daɗe da sanin zafin nan. Shi ta hagu yake fita ya shige gida neman abinci, bai taɓa zagayowa ta dama ba. In ba don ni ba, da tuni motar nan ta kama da wuta."

Ishiyaku ya ɗago kai. "Kamar yaya, Hajiya?"

"Ruwa nake ba ta."

"Ruwa?"

"Duk Juma'a. Da ya tsaya a ƙofar gida, ya shiga ya sa kai a kwano, sai in fito in duba ta. Ƙafar nan ta dama ko kusa da ita ba ka iya tsayawa don huci. A gidan Malam Nata'ala ba a taɓa ɗaure abin hawan baƙo a bar shi da ƙishi ba. Jakin baƙo kafin mai shi ya gama gaisuwa an kai masa ruwa. Don wannan ba ta da baki sai in ƙyale ta? Sai in ɗebo in sheƙa mata ta ramukan nan, har cikin ciki."

Wannan gaskiya ta faɗa game da gidan mijinta. Na san zamanin da fatake ke sauka a Tarai da jakunansu, kuma matan gida sukan ɗauki shayar da dabbar baƙo a kan mutuncin gidan ne, ba alfarma ba.

Ishiyaku ya ajiye guduma a ƙasa. "Wane irin ruwa, Hajiya?"

"Kada ka raina mini hankali da ruwan bokiti. Na randar ɗakina, mai sanyin nan da ke kama haƙori. Wanda ko shi ban ba shi."

"Ashe shi ya sa kullum nawa da ɗumi," in ji Munzali.

"Kai me ka ɗauko? Ita ta ɗauko buhu. Ina zubawa sai ta ce cuuu, tururi ya tashi. Godiya take yi. Kai tun da aka haife ka ban taɓa jin ka ce cuuu ba."

Ishiyaku ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, ya dubi ƙasa, ya dubi darbejiya.

"Hajiya, dama akwai abin da ya ɗaure mini kai. Zafi shi kaɗai yakan cinye takalmi, ya ƙona faranti, amma bai cika karkata shi haka ba. Kin taɓa sauke murfin tukunyar ƙarfe daga wuta ki jefa shi cikin ruwan sanyi?"

"Wace mahaukaciya za ta yi haka? Ai sai ya bauɗe, ya daina zama a bakin tukunya."

Ta faɗi haka, sai ta yi shiru. Tun da ta sauka daga babur wannan ne karo na farko da muka ji ƙarar injin niƙan da ke tsallaken titi.

Munzali ya mayar da makulli aljihu, ya miƙe, ya karkaɗe wando, ya zo gabanta ya tsaya.

"Malam, ka ji da kunnenka. Ishiyaku, maimaita mini yadda zan faɗa wa Kawu. Alƙali ne ya yi satar, kuma shi ya kawo ƙara."

"Ƙarya yake yi. Bakin ku ɗaya."

"Ke kika yi wa mota wankan jego da ruwan sanyi, sannan kika kai ƙarata Kano a kan man shanu."

"Da ban zuba ba da ta ƙone."

"Da kin buɗe baki kin ce mini ƙafar dama tana zafi fa? Bakin nan da ba ya hutawa, ranar da ake bukatarsa ya tafi hutu."

"In gaya maka, kai direba, abin da ke jikin motarka? Hancin nan naka kamar rumbu, me yake yi a fuskarka?"

"Gaskiya dai," in ji Ishiyaku, "laifin biyu ne. Da fil bai kafe ba, da ba zafi. Da ba ruwa, wataƙila takalma kawai za mu sauya."

"Ba a iya miƙar da shi?" in ji Munzali.

"Da yana da sauran nama, sai a kai wa mai inji ya kankare fuskar ta daidaita. Shafa bakinsa ka ji, ya riga ya yi siriri. In aka ƙara rage shi, zafi kaɗan zai sake karkata. Sabo za a sa, kuma duka biyun, da takalmansu. Ba a sauya ɗaya a bar ɗaya, sai ta dinga jan ka gefe."

Alhaji ya riga ya ce a yi duk abin da ya kamata, don haka Ishiyaku ya hau babur ya shiga gari wurin masu kayan mota. Aka bar mu mu uku da mota tana tsaye a kan kututture.

Munzali ya jawo tsohuwar taya ya zauna kusa da ƙafar kakarsa.

"To, amarya, me za ki faɗa wa Kawu?"

"Gaskiya mana. Bakanike ya ce fil ya kafe, direba yana jin ƙauri ya yi shiru."

"Randar fa?"

"Wace randa? Ni tsohuwa ce, ina mantuwa."

"Zan saya miki zane a madadin wanda man ya ɓata."

"Da mayafinsa."

"Da mayafinsa."

"Ka kai ni Makka a motar, ka dawo da ni ta Nariya in gaida ƙanwata."

"In mun isa teku ke za ki sauka ki tura."

"Ka ga irinta. Uzairu da na ce masa haka, to kawai zai ce. Yaro mai ladabi, ga tsawo, ga wuya. Dama na fara tunanin ko shi zan koma."

"Uzairu ko keke ya hau sai ya shiga gonar mutane."

"A gona ai ba a kifar da man shanu."

Munzali ya yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Hajiya, ban da wasa. In aka karɓi makullin nan ban san inda zan dosa ba. Shi ya sa na yi shiru tun farko. Na ji tsoron in ce ta lalace a ce ni ne."

Ta dube shi. Ta kwance bakin mayafinta, ta ɗauko goro da 'yar magurjinta ta gwangwani, ta gurza kaɗan a tafin hannu, ta zuba a baki. Sai da ta gama tsaf, sannan ta ce:

"Tashi daga jikin ƙafata, kana tare mini iska."

Ishiyaku ya dawo da kaya kafin azahar. Na lura da aikinsa, domin akwai tsari a ciki. Ya cire tsofaffin farantan, ya sa sanfefa ya goge mazauninsu har tsatsa ta fita ƙarfe ya yi fari. Ya ce ko ƙwayar yashi ce ta maƙale a nan, sabon faranti a karkace zai zauna, a koma gidan jiya. Ya wanke sababbin da fetur don ya cire man da ake shafa musu a kanti. Ya goge fil ɗin nan, ya shafe su da maiko, ya gwada har suna shiga suna fita da yatsa. Ya sa sababbin takalma. Da ya zo ɗaure taya, bai bi notocin a jere ba, sai ya ɗaure wannan ya tsallaka na gabansa, kaɗan-kaɗan, har suka kama daidai.

"Munzali, in ka je wurin mai faci kada ka bari ya sa dogon bututu a sufana ya hau kai da ƙafa. Shi ma yana karkata faranti. In ka zo gangara da kaya, rage giya, kada ka kwanta a kan birki. In ka ji ƙauri, tsaya ka zagaya motarka. Hajiya, ke kuma in kin ji huci, a bar ta a inuwa ta huce don kanta."

"Na ji. Ta mutu da ƙishi, ba ruwana."

Aka sauke mota. Ishiyaku ya ce Munzali ya tattaka birki tana tsaye har ya ji ya yi tauri, sannan a fita gwaji.

"Shigo, tsohuwa."

"Ban shiga. Malam ya fara shiga, in ya dawo da rai sai in duba."

"Ke ce shaida. Ko a bakin wa za ki ji an gyara?"

Ta yi ta ƙorafi, amma ta shiga gidan gaba, ta riƙe ƙofa da hannu biyu tana salati. Ni da Ishiyaku muka zauna a baya. Muka ɗauki hanyar Kibiya, duwatsun Rano suna bayanmu. Ishiyaku ya ce ya ɗan yi gudu ya taka a hankali, ya saki, ya sake gudu ya sake takawa, kada ya danne gaba ɗaya, don sababbin takalman su saba da farantan. Sai da aka yi haka sau da yawa, sannan ya ce to, yanzu taka sosai. Munzali ya taka. Motar ta tsaya sumul, sitiyari ko motsi bai yi ba.

"Yaya, amarya?"

"An ɓata ta. Da tana yi mini tausa kyauta."

Da muka dawo gareji, Ishiyaku ya kai bayan hannunsa kusa da tayar dama, ya kai kusa da ta hagu, ya ce ɗuminsu ɗaya. Saura magana guda. Munzali ya kira kawunsa, ya buɗe muryar wayar, ya miƙa wa Hajiya.

"Salamu alaikum. Hajiya, ina wuni? An duba motar?"

Ba ta dubi wayar ba, gefe ta kawar da kai, yadda uwa ke yi da ɗan fari.

"An duba. An gyara."

"Me bakaniken ya ce?"

"Ya ce ni ce."

Muryar Alhaji ta sake fitowa daga Kano.

"Ke kuma, Hajiya?"

"Ruwan randa nake zuba wa ƙafarta duk Juma'a tana da zafi, ƙarfen ya bauɗe. Da magana?"

"Babu, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya. Shi yaron fa, ba hannunsa a ciki?"

Ta juyo ta dubi Munzali. Ta daɗe tana dubansa, har ya sunkuyar da kai.

"Akwai wani fil da ya kafe, yana jin ƙauri bai faɗa ba, don tsoron mai motar ya fi ƙarfinsa. An sa wa fil ɗin maiko, shi kuma na ja masa kunne. Wannan ba shi da wayon da zai lalata mota shi kaɗai. A bar masa makullinsa. Na tsufa da sauya miji."

"To, Hajiya. Yadda kika ce."

"Sai an jima."

Ta miƙa wayar kamar tana ƙona ta. Munzali ya tsaya yana murmushi. Can ya zaro makullin, ya rusuna, ya ɗora mata a tafin hannu da hannu biyu, irin yadda ake miƙa wa manya kyauta.

"Riƙe, tsohuwa. Ke kika ci shi, naki ne."

"Madalla."

Ta kama haɓar zanenta, ta sa makullin a ciki, ta ƙulle, ta ƙara ƙulli a kan ƙulli, ta soke a ƙugu. Ta tafi a hankali ta buɗe gidan gaba, ta zauna, ta gyara mayafi, ta rufe ƙofa.

"Direba, kai ni Tarai. Rana tana yi."

"To ba ni makullin."

"Wane makulli? Nawa? Ni ba na ba da aron kayana ga wanda ban sani ba. Malam, ka san yaron nan?"

Na ce na taɓa ganinsa.

"Hajiya, mutane suna kallo."

"Su kalla. Waye ya fi iya mota tsakanina da kai?"

Munzali ya dubi Ishiyaku, Ishiyaku ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Ya dube ni, na dubi darbejiya. Sai ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa jikin ƙofar motar, a cikin baƙin mai da ƙura, dariya ta ci ƙarfinsa.

"Ke ce, ranki ya daɗe. Na sallama. A taimaka wa almajirin direba da aron makulli."

"Aro fa," in ji ta, ta fara kwance ƙullin farko.